Ƙullin Gidanmu a Jikin Bulalar Turawa

Tun da na dawo daga Gana rumfata ta zama dandali. Mutum zai zo da sunan gyaran takalmi, takalmin kuwa lafiya lau a ƙafarsa, ya zauna a benci ya ce, "To Isiyaku, yaya teku?" In na ba shi labari ya tashi, wani ya shigo a sake daga farko. Na kuma lura kowa in ya fita sai ya ƙara nasa gishirin, don jiya na ji ana cewa wai har jirgin ruwa na tuƙa. Shi ya sa na ce bari in sa shi a takarda sau ɗaya, tunda yaƙi da jahilcin da na yi bai tafi a banza ba. Wanda ya matsu ya karanta, ni in koma kan aikina.

Ga wanda bai san ni ba, ni baduku ne ɗan baduku, a unguwar Wambai, cikin garin nan da muka tashi muna ce wa Abuja, kafin a ɗauke sunan a kai wa birnin da za a gina a bar mu da Suleja. Muna ɗinka takalma da jaka da kube, amma abin da aka san gidanmu da shi bulala ce. Fulanin bayan dutsen Zuma, da dogarai, da masu jakai, duk wurinmu suke zuwa. Ba cika baki ba, in ka ga bulalar da ta shekara goma mariƙinta bai warware ba, daga zaurenmu ta fito. Muna da wani ƙulli da muke rufe mariƙi da shi: sili huɗu, a juya biyu ta baya, a cusa bakin ciki, yadda ba ka gane inda aka fara balle inda aka ƙare. Kakanmu ya koya wa Baba, Baba ya koya mini, ba kuma a koya wa bare.

Ina da wa, Garba, ɗan farin Inna. Ina ɗan shekara huɗu ya bar gida, lokacin babban yaƙin Turawa, saboda haka ko fuskarsa ban riƙe ba. Abin da aka gaya mini kawai shi ne ya shiga duniya. Baba har ya rasu bai yarda a ambace shi a gabansa ba. Inna kuwa kun san yadda ake yi da ɗan fari, tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ta kama dole sai ta ce "wancan".

Bara da kaka Alhaji Sani mai fataucin goro ya dawo daga Gana, ya zauna a zaurenmu yana ba da labari. Ya ce a wani garin masunta gaba da Ankara, babban birninsu, a kasuwar kifi, wani dattijo ya ji shi ya ambaci Abuja, ya matso ya tambaye shi da Hausar garin nan tsantsa, "Har yanzu ana jimar fata a bakin rafin Iku?" Da Alhaji ya ce masa ɗan wane gida ne, sai ya ɗauki kifinsa ya wuce. Inna shekara uku ke nan idanunta sun tafi, amma kunnenta ya fi na kowa a gidan. Alhaji na fita ta aiko a kira ni.

"Ka je ka gani ko wancan ne," in ji ta. "In shi ne, ka ce masa idanu sun riga sun tafi, saura mai su."

Na ce mata in dai yana numfashi a doron ƙasa zan kawo mata shi. Haka nake, in na faɗi abu ba na tsayawa auna nisansa.

Maƙwabcinmu Bitrus, akawu mutumin Kagoro, shi ya cike mini takardun tafiya, ya raka ni aka ɗauke ni hoto na fito kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Alhaji Sani ya ce in sayi sabulu da sukari da madarar gwangwani, don a Gana yanzu sun fi komai daraja. Na saya. Amma baduku ba ya zuwa wurin wansa da tsarabar kanti kaɗai. Na zaɓi ƙirgi mafi kyau, na kwana tara ina kitsa bulala mai sili takwas, irin wadda Baba ke yi, na rufe mariƙinta da jar fata da ƙullin gidanmu. Na ce ko ya manta komai, in ya ga wannan zai tuna gida.

Ana gobe za mu tashi Inna ta sa na shafa wa takalmanta mai. Wasu takalma ne da take ajiyewa a ƙasan adudu, ba ta taɓa sa su ba, amma duk shekara sai ta fito da su in shafa musu man shanu. Na ɗauka na uwarta ne. Duk shekara kuma sai na ce mata, "Inna, wanda ya yi takalman nan ɗan koyo ne, ɗinkin na hagu ya karkace, bari in farke in gyara." Ita kuma ta ce in shafa mai in rufe bakina.

A mararrabar Diko muka hau babbar motar doya, ni da Alhaji Sani, muka bi ta Lambata da Bida. A saman kaya aka ɗora mu tare da raguna uku na wani mahauci. Kafin mu kai gadar Jaba ɗaya daga cikinsu ya cinye rabin maratayin jakata, ina gyangyaɗi. Mahaucin ya ce ragonsa ya san fata mai kyau. Na ce masa ai kuwa, in Allah ya kai mu sallah tasa fatar ma za ta zo hannuna. A bakin gada muka yini ana jiran layi, na zaro basilla na ɗinke maratayin, kafin a buɗe hanya direbobi huɗu sun kawo mini takalmansu.

A Ikko mun sauka Agege, gidan fatoman Alhaji, wato mai masaukinsa, ɗaki ɗaya mu tara da huhunan goro. Garin ba ya shiru, kuma kowa sauri yake yi. Na ci amala, baƙin tuwo mai santsi da miyar yauƙi da barkonon da ya sa na yi hawaye a gaban mutane. Matar da ke sayarwa ta ba ni ruwa tana dariya, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Malam, ci kaɗan-kaɗan, ba gudu."

Iyaka uku muka ƙetare, kowace sai an sauke kaya an zazzage. A ta farko ma'aikacin ya zaro bulalata ya kaɗa ta a iska, ta yi ƙara kamar bindiga, matan da ke layi suka watse. Ya so in bar masa, na ce ba ta sayarwa ba ce. A Dahome, wadda su ma sun sauya mata suna, na ga burodi dogo kamar sanda, na ga mata a kan babur da yaro a goye da kwando a ka. Can na fara ganin teku. Masu tambaya, ga amsa: ruwa ne. Girmansa bai dame ni ba, abin da ya ba ni mamaki shi ne ba ya hutawa, ya zo ya koma, ya zo ya koma, ba dare ba rana. Togo kuwa ƙasa ce siririya, goro ɗaya na ɓare, kafin in gama tauna shi an ce mu sauko mun iso iyakar Gana.

A nan ma aka zaro bulalar. Wani ƙaton ma'aikaci ya tambaye ni da turancin buroka me zan yi da ita. Na ce tsarabar wana ce. Ya dube ni, ya dubi bulalar, ya ce, "Wan naka jaki ne?" Abokan aikinsa suka yi ta dariya. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wannan bai san aikin hannu ba. Da na tsaya na yi tunani a kan maganarsa, da na huta da abin da ya same ni daga baya.

A Ankara mun kwana biyu a zango. Hausawan can jikokin fatake da sojoji ne, da yawansu ba su taɓa ganin Arewa ba, amma karamcinsu na gida ne. Kasuwa a hannun mata take, su ne masu rumfuna manya, maza na yi musu dako. Na ga an taru da jajaye da baƙaƙen zannuwa ana kiɗa ana rawa, na tambaya auren wa ake yi, aka ce mini jana'iza ce, mamacin ma ya yi wata guda ana ajiye da shi ana jiran dangi. Mu da muke binnewa kafin rana ta juya, na riƙe baki. Abincinsu dokunu, tuwon masara ne da ake bari ya yi tsami da gangan a naɗe a ganye, irin wanda a gidanmu kaji za a zuba wa. Ranar farko na ci don kunyar mai gida. Rana ta uku da kaina na nemi ƙari, da soyayyen kifi da baƙin barkono.

Daga nan Alhaji ya nufi Kumasi wurin goronsa, ni na hau motar katako zuwa garin masuntan ni kaɗai. Limamin zangon garin, Malam Adamu, ya sauke ni a shagonsa. Kwana huɗu ina yawo: masallaci, mahauta, kasuwar kifi, bakin jiragen ruwa. Garba mutumin Abuja, dogo ko gajere ban sani ba, fari ko baƙi ban sani ba. Ba wanda ya taɓa jin sa. Malam Adamu ya ce tun korar baƙi da aka yi shekarun baya Hausawa da yawa sun watse, wataƙila da shi aka tafi. A nan ne na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na tuna yadda na bugi ƙirji a gaban Inna, na ga kaina ina durƙusawa ina ce mata ban same shi ba.

Rana ta biyar Malam Adamu ya ga na kasa cin koko da safe, ya ce in hau tudu in ga tsohon gidan Turawa, ko zuciyata ta sarara. Farin gini ne mai kaurin bango a kan teku, da manyan bindigogi sun yi tsatsa. A ƙasa akwai ɗakuna masu duhu inda aka riƙa tara bayi kafin a zuba su a jirgi. Na leƙa ɗaya na fito, ban so tsayawa ba. A sama akwai ɗaki da aka jera kayan jiragen da. Mai gadin wurin, wani dogon dattijo mai furfura da gajeren wandon kaki, wanda na ji suna kira Kofi, shi ke zagawa da baƙi. Ranar akwai Bature da matarsa da malaman makaranta biyu. Ɗaya malamin mutumin Tamale ne, yana jin Hausa, shi ya riƙa juya mini abin da turancina bai kai ba.

A jikin bango na ga bulala. Ni kuwa ko a makabarta na ga bulala sai na tsaya. Gajeren mariƙi ne, da wutsiyoyi tara na igiya, kowace da ƙulle-ƙulle. Dattijon ya sauko da ita ya fara bayani.

Ya ce Turawan Ingila na kiran ta kyanwa mai wutsiya tara, don shaidar da take bari a bayan mutum kamar yagar farcen kyanwa ce. A jiragen yaƙinsu na da, masu tafiya da iska, da ita ake horon ma'aikata. Igiyar jirgi mai kauri ake warwarewa gida uku, kowane kashi a sake warware shi uku, ga tara. In laifin sata ne sai a ƙara wa kowace wutsiya ƙulli. A jar jaka ake ajiye ta. Ranar hukunci a tara duk mutanen jirgi, ba mai izinin kau da kai, a tuɓe mai laifi a ɗaure shi a jikin wani katako mai raga, likita na tsaye a gefe. Mai dukan yana ja da baya ya sake hannu iya ƙarfinsa, bayan kowace bulala ya tsefe wutsiyoyin da yatsu don kada jini ya manne su. In ya yi sha biyu a canza wani, don kada hannu ya gaji. In an gama a kwara wa bayan ruwan gishiri. Ya ce a takarda sha biyu aka yarda kyaftin ya yanke, amma a tsakiyar teku kyaftin shi ne takardar. In laifin babba ne, a sa mutum a kwalekwale a zaga da shi jirgi-jirgi, kowane jirgi ya ba shi rabonsa. Daga jirgi ta shiga barikin soja da gidajen yari, har a ƙasashenmu. Sai wajen shekara ɗari da suka wuce, da mutanensu suka yi ta ƙorafi, aka jingine ta a jiragen.

Na ce wa malamin Tamale, da ƙarfi yadda na saba magana, "Su ke nan masu ce mana marasa tausayi. A wurinmu in alƙali ya yanke haddi, wuri, irin na kuɗin da, ake sa wa dogari mai dukan a hammata. In ya ɗaga hannu har wurin ya faɗi, ya ɓata. Kunyar ake so, ba jinin ba." Na ga dattijon ya ɗan dube ni, ya mai da kai.

Sai ya ƙara abu ɗaya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce sau da yawa wanda za a doka shi ake miƙa wa igiyar, ya zauna ya warware ta, ya ƙulla ta da hannunsa. In ya yi ta sako-sako don ya sami sauƙi, a ƙara masa. In an gama da ita a jefa ta teku, kowane mai laifi da sabuwarsa.

Matar Baturen ta rufe baki. Ni kuwa abin da ya zo mini daban ne: in kowace a teku take ƙarewa, wannan daga ina? Na miƙa hannu, ya ba ni. Wutsiyoyin aikin 'yan jirgi ne, ban san kansa ba. Na juya mariƙin. Jar fatar akuya ce, jimar Arewa. Na kai babban yatsana ƙarshensa ina neman bakin silin, ban same shi ba. Sili huɗu, an juya biyu ta baya, an cusa bakin ciki.

Ban bi ta kan tafinta ba. Na ce masa da Hausa, "Baba, wa ya rufe mariƙin nan?"

Ya amsa da Turanci wai aikin Turawan da ne.

"Fatar nan ba ta shekara goma ba," na ce. "Ƙullin nan kuma zaure ɗaya ake yin sa a duniya, a can aka haife ni."

Ya karɓi bulalar ya rataye, ya raka baƙinsa har matakala, ya dawo ya tura ƙofa. Ya daɗe yana kallona.

"Kai ne Isiyaku," ya ce, Hausar na fita da ƙyar kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. "Mai ihu in za a yi masa aski."

Na durƙusa na ce, "Yaya." Daga nan kuka ya ci ƙarfina, ni da nake da 'ya'ya shida.

Ya tambayi tsohon, wato Baba. Na ce shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ya ce Allah ya ji ƙansa. Ya tambayi rijiyar ƙofar gida, ya tambayi tsamiyar majema. Bai tambayi Inna ba, na kuwa lura. Ya ce shekara ashirin ya yi a jiragen kaya, daga ɗakin wutar inji har ya koma kan aikin igiya, a can aka laƙa masa Kofi. Da ya sami gadin nan, tsohuwar bulalar da ke bango ta ruɓe, aka nemi wanda zai yi irinta, ya ce zai iya. "Na zo rufe mariƙi," ya ce, "hannu ya yi abinsa ban sani ba."

Gidansa cikin masunta yake, shi ya sa mutanen zango ba su san shi ba. Matarsa Esi, 'yar garin ce, mai sana'ar ƙyafe kifi, ga jiki ga fara'a. Ta rungume ni a gaban kowa, na rasa inda zan sa kaina. Bayan la'asar muka zauna a tsakar gida na buɗe jaka. Da sabulu da sukari suka fito Esi har rawa ta taka. Sai na ce, "Yaya, wannan duk na kanti ne. Ga naka." Na warware ƙyalle na ɗora masa bulalar a cinya, ina jiran yabo. Na ce, "Sili takwas, irin ta Baba sak."

Esi ta daina dariya. Yaya bai taɓa bulalar ba. Ya ce, "Ba su gaya maka ba ke nan." Ya miƙe ya tuɓe riga, ya juya mini baya.

Na san aikin bulala, sana'ata ce. Tabo ne dogaye, sun yi fari, daga kafaɗa har ƙugu, wasu sun hau kan wasu. Sili takwas ne ya yi su.

Ya ce yana ɗan shekara goma sha bakwai, Inna na zuwa itace har gindin Zuma ba takalmi, ƙafafunta duk faso, tana dawowa tana ɗingishi. Wani attajiri ya kawo wa Baba ƙirgi a yi masa aiki. Yaya ya yanki gefe a ɓoye ya ɗinka mata takalma, aikinsa na farko shi kaɗai. Baba ya gane. Ya ce ɓarawo ba zai gaji zaurensa ba sai an cire masa satar daga jiki. Ya miƙa masa ragowar ƙirgin ya ce ya kitsa bulala, sili takwas, ya rufe ta da ƙullin gida, in ya yi sako-sako a sake. Kwana biyu yana kitsa ta. Rana ta uku aka tara 'yan koyo da maƙwabta a ƙofar zaure.

"Na ji abin da ka gaya wa malamin nan," ya ce. "Baba bai sa wuri a hammata ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ƙetare ƙasa uku da abin nan a jaka, na hana ma'aikatan iyaka, na kawo wa mutumin da irinta ta raba da gida. Na ce ya yafe mini. Ya ce ba ni da laifi, aikin ma ya yi kyau. Sai na isar da saƙon Inna, kalma da kalma.

Ya mai da rigarsa. "Tsohon na yafe masa tuntuni, haka aka yi masa shi ma. Amma ita tana tsaye a bakin ƙofa, Isiyaku. Saboda ita na yanki fatar. Ina kallon ta, tana kallo na, ba ta ce uffan ba. Ka gaishe ta. Ka ce ka same ni lafiya."

Na ce ba zan koma da gaisuwa ba, alkawarin mutum na yi. Ya ce to in zauna, ga ɗaki ga kifi. Ina ta juya maganar takalman a raina, sai abin ya faɗo mini.

"Yaya, takalman nan, ƙasan ƙirgi ne, saman jar fata, da ɗan ado kamar ganye a kan yatsa?"

Ya ɗago.

"Suna ƙasan adudunta. Ba ta taɓa sa su ba. Duk shekara ni nake shafa musu mai, ana gobe zan taso ma na shafa. Shekara ashirin ina zagin wanda ya ɗinka su a gabanta, tana ce mini in rufe bakina."

Ya ce, "Na hagun ya karkace?"

"Ya karkace."

"Sauri nake yi kada Baba ya shigo," ya ce. Ya tashi ya shiga ɗaki. Esi ta dube ni ta ɗaga mini kai, ta shiga ɗaure ƙyafaffen kifi a kwando.

Kafin mu taso sai da ya nemi izini a wurin aiki, ya kuma hau da ni tudun nan, ya buga ƙusa kusa da kyanwar Turawa ya rataye bulalata. Ya ce nan ne wurinta. Duk wanda ya je zai gan su tare.

Dawowa ba ta da labari sosai, sai dai kifin Esi da ya sa aka tsane mu a kowace mota. Yaya bai cika magana ba. Da muka wuce Diko dutsen Zuma ya bayyana, ya ce, "Shi dai bai tsufa ba." Garin kuwa bai gane shi ba, har sunan sai da na yi ta maimaita masa.

Da hantsi muka shiga gida. Inna na zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, matan gida sun yi cirko-cirko. Yaya ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, na dawo."

Ta lalubo fuskarsa, ta shafa furfurar. Sannan ta zura hannu ta wuyan rigarsa zuwa baya, tana bin tabon da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar ina tsaye," ta ce. "Ɗan fari ne, an ce uwa ba ta sa baki. Ban sa ba. Shekara talatin da shida ina sa bakin nan a cikina."

Ta ce in ɗauko adudu. Na fito da takalman, ta miƙe ƙafafunta, Yaya ya sa mata su da hannunsa, suka zauna daidai. Sai ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Garba." Matan gida suka sunkuyar da kai, don ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta. "Garba, kama ni in taka su."

Ya kama ta, suka taka har zaure, wurin da aka yi abin, suka dawo. Wata biyu ya yi mana kafin ya koma wurin iyalinsa, kullum tana kiran sunan ko ba ta da abin da za ta ce masa. Takalman su ne a ƙafarta har yau, kuma ta hana ni gyara ɗinkin na hagun.